Idon Ƙofa

Hajiya Dubu ta kira ni tun ban karya ba:
"Malam Tanimu, ƙofar garejin nan ta sake.
Sai ta sauko har ta kusa taɓa ƙasa,
ta yi turus, ta koma sama
kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta."

Daga Kakuri zuwa Unguwar Rimi hawa biyu ne,
na ukun ƙafata.
An kwana ana ruwa,
kogi ya yi jawur a ƙarƙashin gada,
jakar sifanu tana dukan cinyata.

Shekara goma sha tara na yi a masaƙa
ina jin ciwon inji tun bai yi kuka ba.
Ran da aka rufe mana ƙofa
babu wanda ya danna komai,
kwaɗo ne kawai da takarda a manne.
Kunnen nan dai na fito da shi,
shi ne kuɗin sallamata.

Ba na farawa da babban ciwo.
Batirin rimot tukuna: sabo ne.
Soket da wuta, fis bai ƙone ba.
Na ja jar igiya, na raba ƙofa da inji,
na ɗaga ta da hannu zuwa ƙugu, na saki.
Ta tsaya cak.
To, sifirin lafiyarsa lau,
shi da ma ba a yi masa garaje,
yatsu biyu ya ci wa Ilu na Panteka.

Sarƙa ta ɗan saki ciki,
na ƙara wa noti zagaye biyu.
Tayoyi sun bushe suna kukan gyare,
na ba su giris, ban da baƙin mai,
baƙin mai datti yake gayyata.

Na ce, "Danna, Hajiya."
Ta sauko, ta sauko,
ta koma.

"Tun watan da Alhaji ya rasu take haka.
Nan yake tsayawa, daidai nan,
yana kakkaɓe takalmi.
Direba ya ce a nemo mai tofi."

Ban tanka ba. Na durƙusa.
Ido biyu gare ta a ƙasa,
taki ɗaya daga siminti,
ɗaya na kallon ɗaya dare da rana.
Duk abin da ya gitta tsakaninsu
ƙofa sai ta fasa,
kada ta danne yaro ko kyanwa.
Na dama kore ne shar.
Na hagu kifce yake yi.

Zanzaro ne.
Ya yi gininsa na laka, ciki da falo,
a kan ƙwayar idon,
bai nemi takardar fili a wurin kowa ba.

A gefe, ƙusa a bango,
tsumma a rataye ya bushe ƙayau,
guntun tsohuwar shadda ruwan toka
da sauran aiki a wuya.
Hajiya ta bi idona da kallo.
"Duk Juma'a," ta ce. "Na ɗauka mota yake gogewa."

Na ɓamɓare ginin da bakin sukundireba,
na jiƙa shaddar a famfo,
na share ido, na daidaita shi da ɗan'uwansa
har kifcen ya daina.

Ta danna.
Ƙofa ta sauko a natse,
ba ta ga kowa ba,
ta zauna a ƙasa.
Duhu ya rufe mu, sai ƙwan injin a sama.

Na fara lissafa mata: giris duk wata shida,
ido duk mako, damina ma sau biyu,
in an ɗauke wuta ga jar igiya...
Ba ta tare da ni.

Ta sake dannawa, haske ya shigo daga ƙafafunmu.
"Bar ta a buɗe tukuna," ta ce,
"iska na shigowa."

Na matse tsumman,
na mayar da shi ƙusarsa.