Igiyar Burul

Takardar na aljihuna tun daga Bishkek,
rubutun goggo, kamar kaza ta yi tono:
maganin hawan jinin Baba, kwali biyu,
gishirin lasa na tumaki,
batirin rediyo, manya, ba ƙanana ba,
fulawa rabin buhu.
Can ƙasa, da wani biro daban:
kada ku yi dare.

Ermek ƙanena ya ce motar lafiya lau take.
Haka ya ce bara ma.
Tsohuwa ce, fara a da,
ƙofar baya sai an lallashe ta da gwiwa.

A Kochkor muka cika saƙo, ban da batir.
Mai kanti ya ce sai jibi.
Muka huce a kan burodi mai zafi.

Daga nan hanya ta miƙe tsaye.
Kwana, kwana, wata kwanar,
giya ta biyu tana nishi,
kunnuwana sun toshe,
dawakan kan tudu ko kallo ba mu ishe su ba.
Dab da mashigar Dolon allura ta haura ja,
wani abu ya ce fat! a ƙarƙashin bonet.
Sai iska.

Ermek ya zaro fanbel, ya riƙe shi ta wutsiya
kamar macijin da wani ya riga shi kashewa.
Waya babu sabis.
Tirela ta wuce, direban ya ɗaga mana hannu.
Ɗaga hannu ba ya juya inji.

Hayaƙi muka bi, ƙasa da titi kaɗan.
Bukkar ulu, kare mai gashi buzu-buzu,
tsohuwa a bakin ƙofa da allura a leɓe.
Burul sunanta. Ba ta tambayi namu ba
sai da muka ga ƙasan kofin shayi sau biyu.

A kan shinge ta shanya shirdak uku,
dardumar ulun da aka danne da ruwan zafi da ƙarfin damtse,
ja a kan toka, shuɗi a kan ruwan ƙasa,
ƙahon rago yana murɗawa yana komawa cikin kansa.
Na ce kallo kawai nake.
Ta ce kowa da kallo yake farawa.

Ƙaramar, in ji ta, ta ci mata hunturu guda
da ɗan sauran idon da ya rage.
Na taya, ta yi dariya.
Na ƙara, ta ci gaba da ɗinkinta.
Na juya bayan don in samo aibu,
sai na ga ɗinkin ɓoye ya fi na fili tsafta,
irin na mahaifiyarmu
kafin hannunta ya fara rawa.
Ciniki ya mutu a bakina.
Kuɗin man komawa na ƙirga mata,
Ermek yana ta nazarin gajimare.

Ita ta tambayi abin da ya tsinke.
Ta auna fanbel da tafin hannu, ta shiga,
ta fito da igiyar ɗaure bukka, kitson ulu da gashin doki.
Ermek ya ce, Kaka, inji ne fa.
Ta ce, shekara tara tana riƙe iskar Dolon,
wane ne injinka?

Muka gangara tafiyar hawainiya,
a tsaya, a ja ƙulli, a ci gaba,
ƙaurin gashi ya cika mota.
A Narin bakanike ya ɗaga bonet,
bai ce uffan ba, ya kira yaransa su zo su gani.

Mun yi dare.
Goggo na bakin ƙofa, fitila a hannu, faɗa a baki.
Baba ya karɓi maganinsa, ya tambayi batir.
Na shimfiɗa masa dardumar a gwiwa.
Ya daɗe yana bin ƙahon da yatsa,
ya juya bayan, shi ma, ya kai kusa da fitila.

Can ya share maƙogwaro.
Ya ce, to, rediyon fa?