Kundin Ɗakin Ƙasa

Ranar Talata muka je, ni da Verna,
bayan an kammala girbin masara.
Ta ce Litinin ake cunkoso,
ni kuwa ba na son a gan ni a layi
da rigar Lahadi a tsakiyar mako.

Ofishin magatakardar gunduma, garin Wilber, Nebraska.
Matakala goma sha tara,
gwiwata ce ta ƙirga.

Yarinyar da ke bayan kanta
jikar Kucera ce, mai gyaran tarakta.
Ta duba katinmu, ta turo takarda
da biro ɗaure da sarƙa
kamar akuyar da ta saba ɓarna.

Suna. Shekaru: sittin da takwas.
Sunan mahaifiya kafin ta yi aure.
Sai wani gurbi da bai fi ƙwayar wake ba:
ka taɓa aure? Yaya ya ƙare?
Shekara talatin da ɗaya da Marlys,
da asibitin Lincoln, da shayin da ya huce a gefen gado,
aka ba ni wurin kalma ɗaya.
Na rubuta rasuwa.
Verna ta rubuta tata.
Ba ta nuna mini ba, ban leƙa ba.

Muka ɗaga hannu muka rantse.
Na biya da tsabar kuɗi, aka buga hatimi.

Da mun tafi ke nan,
sai Verna ta ce, tunda ga mu,
ina ake ajiye na mutanen da?

Ɗakin ƙasa. Warin tsohuwar fata da sanyin siminti.
Kundaye jere, kowanne nauyin ɗan maraƙi,
shekaru rubuce a gadon bayansu.
Na wuce na shekarar da na auri Marlys.
Na dafa shi kamar yadda ake dafa kafaɗar maƙwabci a maƙabarta,
ban buɗe ba.

Verna na neman kakanninta,
Bohumil Vosika da Anezka.
Dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin da biyu, in ji dangi,
haka aka ɗinka a jikin mayafin gado,
haka aka rubuta a kan kek ɗin cika hamsin.
Muka bi shafi shafi, yatsa na bin layi.
Babu.

Yarinyar ta ce a duba na gaba.

Ga su nan.
Fabrairu, ashirin da uku.
Tawadar ta koma ruwan ƙasa,
an ci wa Anezka harafi ɗaya.
Verna ta cire tabarau, ta yi lissafi da yatsu.
Kawu Emil, ɗan farinsu, a watan Yuni aka haife shi.
Shiru.
Sai dariya ta kwace mata,
har ta zauna a kan kwalin takardun haraji.
Kakar da ke auna mana tsawon siket da sanda!

Ni ido na yana ƙasan shafin,
inda shaidu ke sa hannu.
Frantisek Hlavac.
Kakana.
Mutumin da ko kazarsa ta yi ƙwai sai gari ya ji,
ya riƙe wannan shekara hamsin
ya tafi da ita kabari.

Muka biya kuɗin kwafi ɗaya.
Injin ya yi gurnani, ya tofo su da ɗumi.

A mota Verna ta haɗa takardun biyu a cinya,
tasu a ƙasa, tamu a sama.
Ta ce ranar Asabar, in fasto ya gama,
ka tabbata an rubuta kwanan wata daidai.
Na ce wa zai zo dubawa?
Ta ce wani mai ciwon gwiwa.

Na tada mota. Gonaki a aske, hagu da dama.
Ba ta bar takardun sun taɓa kujera ba har gida.