Silinda Goma Sha Biyu

Ranar Talata aka kawo ta Tudun Wada
a bayan tirela, lulluɓe da tamfol kamar mai masassara.
Magadan Alhaji Barau na Tudun Jukun suka ce:
shekara ashirin da shida tana kwance,
ɓera ya yi jego a kujerarta.
Ka tashe ta, Sallau, mu sayar mu raba.

Na zaga gaba na ɗaga murfi,
sai taya guda da tsohuwar jarida.
Yarana suka bushe da dariya.
Ashe injin yana baya, daf da ƙeyar direba,
an ɗaure shi kamar goyo.

Tanimu ya bi filogi da yatsa yana ƙirga.
Goma sha biyu, Oga!
Shida nan, shida can,
sun buɗe kamar bakin almakashi.
Ni da na yi furfura a kan fijo mai huɗu
sai da na wanke hannu da kananzir
kafin na taɓa.

Uwani 'yata, mai karatun injiniya a Samaru,
ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi da fitilar waya.
Ta ce, Baba, 'yan tsere suka fara wannan dabara.
Da can injin gaba yake, yana rinjayar mota a kwana,
sai suka dawo da nauyin tsakiya,
yadda ɗan garuwa ke neman tsakiyar sanda
kafin ya ɗaga.
Ta ce jirgin sama iska ke ɗauka,
wannan kuwa an sassaƙa ta don iska ta danne ta,
gwargwadon gudunta, gwargwadon riƙon kwalta.

Ni abin da na gano ba a littafi yake ba.
Na zura hannu ta cikin mazaunin taya
na ji sawun guduma, ɗaya bayan ɗaya,
na dama bai yi daidai da na hagu ba.
Wani maƙeri can ƙasar Italiya
ya yini yana bugun wannan ƙarfe,
wataƙila da ciwon baya irin nawa.
Ba sunansa ne a tambarin ba.
Na dai gaishe shi.

Kwana tara.
Bel daga Ƙofar Ruwa, sau biyu ana mayarwa.
Gasket na yanka da kaina, da reza.
Kafireto shida, kowacce da baki biyu,
kowacce da nata taurin kai.
Na sa tiyo a kunne ina bin su ɗaya ɗaya
ina sauraron yadda suke zuƙar iska,
har numfashinsu ya zo ɗaya.

Da ta tashi,
mai shayin tsallake ya zubar da madara,
tattabarun Malam Jatau suka watse daga rufi.
Ba ruri ba ne, kada a gaya maka ruri.
Kamar a yaga sabuwar shadda ne,
a yi ta yagawa ba ta ƙarewa.

Agogonta ya rubuta ɗari uku.
Tsakaninta da ƙasa yatsu huɗu.
Muka fita ta Agoro, Tanimu na gaba a ƙasa
yana nuna min rami,
yana sa katako a kowane tudun kwalta.
Talatin na taka, shi ma da addu'a.
Mai a-daidaita-sahu ya wuce mu
da buhun barkono da fasinja biyar,
ya leƙo ya ce, sannu da ƙoƙari.

Wani ya zo daga Legas ya biya, bai ko tayar da ita ba.
Tirelar da ta kawo ta ita ta ɗauke ta.
Magada suka rage min dubu ashirin a lada,
wai na daɗe.

Yanzu tabon baƙin mai ne a wurin,
an ajiye wata bas mai tari a kansa.
Tsofaffin filogin nan suna cikin gwangwanin madara.
Jiya Tanimu ya zo neman ɗaya don janareto.
Na ce masa ya je ya saya.