Kilo Shida da Murfi

Tukwane uku na kashe a Sheffield
kafin sanyin bana ya sake mu.
Ta ukun ranar Laraba ta cika,
da dafa-duka a cikinta.
Gambo na asibiti, aikin dare,
ƙararrawar hayaƙi na tsala ihu,
ina kankarar ƙanzo,
Zinatu na fifita da tawul.
Na san araha ba ta ado.
Ashe ba ta shinkafa ma.

Asabar na hau bas ɗin da nake tuƙawa Litinin,
na zauna can baya kamar baƙo.

A shagon an jera su bisa katako,
ja, shuɗiya, koriya, mai ruwan toka,
sai ga ni a ɗakin Inna Kande a Funtuwa,
langa kan langa har rufi,
ba wadda ta taɓa ganin wuta,
aikinsu a kalle su.
Waɗannan kuwa baƙin ƙarfe ne aka zuba
aka sa masa rigar tangaran,
kamar maƙeri ranar Sallah.

Na kama ɗaya da hannu guda. Ta ƙi.
Na sa biyu, ta yarda da ƙyar.

Mai shagon, Moira, tabarau rataye a wuya,
ta ce, ku nawa ne a gidan?
Na ce uku. Ta nuna ƙarama.
Ta ina zan fara gaya mata
ukunmu kan zama tara bayan magariba
in Malam Tanimu ya biyo da ɗalibansa
wai gaisuwa kawai?
Na nuna ta gaba, mai faɗin baki.

Cikinta fari tas kamar kindirmo.
Ta ce, a nan za ka ga albasa na sauya launi
tun hanci bai kawo labari ba.
Wuta kaɗan-kaɗan, ba ta son garaje.
Kar ka sheƙa mata ruwan sanyi tana huci,
kar cokalin ƙarfe ya leƙa ta.
Na ce muna da muciya.
Zinatu ta tuƙa mata iska da hannu biyu
har tsohuwa ta gane, ta yi dariya.

Sannan na juya takardar kuɗin.
Fam ɗari biyu da goma.
Kaina ya mai da su naira ba da izinina ba:
buhunan masara,
kwanon rufin ɗakin ƙanena.
Na mayar da murfin a hankali.

Moira ta sunkuya ƙarƙashin kanta,
ta jawo wata mai ruwan goro,
da ɗan tabo a kunne, bai kai ƙwayar dawa ba.
Saboda shi an rage sittin.
Na shafa wurin da babban yatsa.
Ni ma ina da irinsa a haɓa tun keken firamare,
kuma Gambo ba ta mai da ni ba.

Ta ce, wannan za ta fi ka daɗewa a duniya.
Talla take yi, na sani,
amma na dubi Zinatu, shekara tara,
tana duba haƙoranta a ƙyallin murfi.
Katifa, labule, tukwanen nan uku,
duk na kafin-mu-koma ne.
Shekara goma sha huɗu
ina sayen kayan kafin-mu-koma.

Na miƙa kati.

Hawan tudun Pitsmoor a yayyafi,
na rungume ta kamar ɗan rago,
Zinatu na biye da murfi a ƙirji,
sau biyu muka tsaya shan iska.

Daren nan jelar sa na ɗora,
da daddawa da citta da masoro.
Ba ta yi surutu ba,
sai ɗan numfashi ta gefen murfi.
Da asuba na kashe wuta.

Bakwai da rabi Gambo ta turo ƙofa,
idanu jajur, takalmi a hannu.
Ta ɗora tafi a jikin tukunyar,
ɗumi na nan bai tafi ba.
Ta daɗe a haka.
Sai ta ce, nawa?
Na ce, ki fara ci tukuna.