Numfashin Tanki

Sau uku yau tana mace mini a hanyar Sandamu,
'yar ƙafa-huɗun ƙungiyarmu ta manoma,
buhu shida na taki a gadon bayanta,
hadari kuma na haɗowa ta gabas.
Ta yi gudun minti goma lafiya lau,
sai tari, sai shaƙuwa,
sai ta cije kamar jakin da ya hango rami.
In na bar ta ta huta, ta tashi.
In na saki jiki da ita, ta sake.

Da mutuwa da farfaɗowa muka juyo Daura,
la'asar sakaliya, laka har ƙwauri.
Na ce, Malam Rabe, famfon mai ne,
na ma tambayo kuɗin sabo,
dubu arba'in da biyar, ban da aiki.
Ya dubi bakina, don kunnensa ya yi nisa,
ya ce, wa ya faɗa maka? Ita?

Murɗa makulli, kada ka tayar.
Ya ɗora tafinsa bisa tanki
kamar mai duba zazzaɓin jika.
Yau kai ne kunnena, me ka ji?
Na ce, wani ɗan zuuu irin na sauro, sai ya ɗauke.
Ya ce, hannuna ma ya ji shi.
Gawa ba ta nishi. Famfonka da ransa.

Duk da haka bai tsallake komai ba.
Ya zaro fiyus, ya ɗaga shi sama,
zaren ciki bai tsinke ba.
Ya ƙwanƙwasa rile da gindin sukudireba,
ya kankare tsatsar kan batir,
ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake.
Ya cire filta, ya hura, ya tofar.
Ya tsiyaya mai a kwalbar lemo
ya jira ko ruwa zai kwanta a ƙasa,
don ya san halin man 'yan bumburutu.
Ba ruwa, ba datti.
Ni ko idona na sama, zuciyata na kan taki.

Sai ya ce, hau, yi ta zagaye
har ta yi maka abin da ta saba.
Na bi bayan kasuwa, na dawo, na koma,
a na huɗu ta shaƙe gaban teburin Iro mai shayi.
Ya taho yana jan silifa, ba gaggawa,
ya ce, matso da kunnen nan.
Ya murɗe murfin tanki.

Fuuu.
Kamar yaron da ya daɗe a nutse cikin kududdufi
ya samu ya ɗago kai.

Ya lalubo wani siririn tiyo,
wanda ban taɓa sanin yana da aiki ba,
ya zura masa waya a baki.
Jar ƙasa ta zubo, busasshiya,
da 'yar tsutsa a naɗe a tsakiya.
Ashe zanzaro ne ya yi gini
a watannin da ta kwana cikin rumfa,
ya yaɓe ƙofa, ya kama gabansa.

Ya ce, kafa baki a kwalba ka zuƙa,
ka hana iska hanya,
ka ga ko za ta ba ka.
Famfo na ja, tanki na riƙewa,
kai kuma ka zo ka ɗaure marar laifi.

Na ce, nawa ne aikin?
Ya ce, shayi mai kauri, da burodi.
Ragowar dubu arba'in ɗin
ka biya zanzaro diyyar gidansa.
Iro ya yi dariya har madara ta zube.

Ɗigon farko ya faɗo kan buhu.
Na ja leda na rufe, na ɗaure, na tayar.
Da na waiwaya daga kwana,
Malam Rabe na tsugune jikin katanga,
tsutsar nan a kan ɗan yatsansa,
yana nema mata tsaga.