Shafi Guda Ya Ƙi Tashi

A Oulu, cikin Disamba, rana leƙe kawai take yi,
kamar mai bin bashin da ya san ba za a biya ba.
Ƙarfe uku na yamma duhu ya shimfiɗa tabarma.
Aulikki Rautio ta kunna fitilar tebur,
ta ɗora ƙafa kan bututun ɗumi,
kofi na huɗu yana hucewa gefen allo.

Uwarta kan ce wa 'yan coci, "Gyaran kwamfuta take yi."
To, a bar shi a haka.
Wa zai tsaya bayani
cewa akwai injinan da ba a kashewa,
na asibiti, na jirgin ƙasa, na masu biyan fansho,
kuma wata rana dole a zare musu ƙwaƙwalwa
suna tsaka da tunani,
a cusa wata, ko tari ba su yi ba?

Sauya azara ne mutanen gida na barci.
Kafin a zare, sai ɗakin ya zama wayam:
shafi bayan shafi, a ɗauke shi da komatsansa,
a kai shi sabon wuri, a sauya adireshi,
ya farka bai san an yi ƙaura ba.

Yau dubu talatin da biyu
da ɗari bakwai da sittin da bakwai sun tashi.
Ɗaya ya ƙi.

Edvaldo ne ya kawo ƙara daga Recife,
inda zafi ke narka kwalta:
"Injina ya kwana yana jira. Har yanzu yana jira."
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Ƙidaya ta ce wani na riƙe da shafin,
ba ta ce wane ba.

Manhajar gandun kowa ce, babu shinge,
dubban hannuwa sun yi shuka a ciki,
amma wannan kunyar, ta can ƙurya,
sunanta aka rubuta a kai,
kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ta bi sawu baya, shekara bayan shekara,
har ta tarar da layi huɗu
na wani Hagiwara Tsuneo,
shekara goma sha bakwai suna nan zaune.
A samansu ya bar 'yar magana:
"Na ɗan lokaci ne. Zan dawo in gyara."

Bai dawo ba.
Wasiƙa in an tura masa, dawowa take.
An ce ya koma ƙauye yana noman 'ya'yan itace,
an ce ba haka ba ne.
Hannunsa dai ga shi nan, ya damƙe shafin,
kamar wanda aka ba ajiya aka manta.

Ta sauka ɗakin ƙasa, wurin tsohon injin gwaji
da suke kira Kaka, mai gurnani da ƙaurin ƙura.
Ta ɓamɓare yatsun Hagiwara ɗaya bayan ɗaya.
Zare. Mayar. Zare. Mayar.
Sau ɗari biyar Kaka ba ta yi tuntuɓe ba.
A na ɗari biyar da shida ta ɗan yi jim,
sannan ta wuce.

Wannan jim ɗin.
Aulikki ta dube shi har ƙarfe tara.
Ta ɗaure shi da tsumma, ta san tsumma ne,
ta sa hannu a ƙasa,
a sama kuma yatsunta suka rubuta,
kafin ta ankara:
"Na ɗan lokaci ne."

Ta yi dariya ita kaɗai. Ba ta goge ba.

A waje ƙanƙara ta binne sirdin kekenta.
Ta kakkaɓe da gwiwar hannu, ta hau.
Can Recife wani inji ya saki numfashi,
babu wanda ya ji,
ladan aikin ke nan.
Tayar baya na ƙara, ita ma tun bara.