Wa Ya Koro Ku?

Biyar da kwata waya ta yi kuka
a ƙarƙashin littafin da na kwana a kansa.
Katifa ta ce zauna.
Ido ya ce wallahi ban ƙoshi ba.
Jiya sai ɗaya saura na rufe shafi,
fitilar caji na numfashi sama-sama,
yau kuma takwas daidai Malam Buba zai ja ƙofar aji
ko da ƙafarka ɗaya na ciki.

Na yi sallah, na dawo bakin katifa.
A nan ake cinikin, ni da ni.
Ba na ce wa kaina gudu,
kalmar ta yi nauyi da asuba.
Cewa nake: ɗaura igiyar takalmi kawai,
in kin ɗaura sai ki koma ki kwanta.
Har yau ban taɓa kwanciya da takalmi ba.

Na gwanjo ne, daga Wunti.
Wani ya riga ni gudu a cikinsa
a wata ƙasar da ban san sunanta ba,
ya bar mini gurbin babban yatsansa.

Rifkatu na ƙofar gida tana hamma.
Ba ma gaisawa sai mun wuce rijiya.
Gwallameji shiru, sai mai shayi na kaɗa kofi,
sai wani ɗalibi a baranda yana hadda da ido rufe.
Falwaya muke ƙirgawa:
goma a guje, biyu a tafe,
goma a guje,
iska na cika mini hijabi kamar za ta ɗauke ni.

A kwanar hanyar Dass Inna Dudu ke ɗora tanda.
Kullum tambayarta ɗaya:
"Wa ya koro ku, 'yan boko?"
Kullum dariya muke mu wuce,
babu numfashin ba da amsa.

Da akwai, da na ce mata:
Babana tela ne a Darazo.
Shekara talatin ƙafarsa na gudu a kan keke
shi kuwa yana zaune wuri ɗaya.
Yanzu ƙwayoyi uku da safe, biyu da dare,
masallacin da ke bayan shago
sai ya dafa bango yake kai wa.
Ranar da na raka shi asibiti
likita ya kalle ni ta saman tabarau,
ya ce, "Abin yana bin jini fa."

Amma kada in yi ƙarya, ba kullum ba ne.
Da jarrabawa ta zo
kwana goma sha tara ban leƙa titi ba.
Garin kwaki, kwafar darasi, barci a kan benci.
Gizo-gizo ya yi saƙa a takalmin hagu,
har na ji nauyin tashinsa.
Ranar da na koma
haƙarƙari ya soke ni a falwaya ta shida,
na durƙusa ina haki, ina jin haushin kaina.
Rifkatu ba ta yi wa'azi ba,
tsayawa ta yi, hannu a ƙugu,
ta ce, "Shida ai ba sifili ba ce. Gobe bakwai."

Yau goma sha huɗu ba hutu.
A dawowa rana ta fara taɓa kan duwatsu,
abin da ya ƙi shiga kaina daren jiya
ya warware da kansa tsakanin taku da taku.

"Wa ya koro ku?"
Na tsaya. Na ce, "Inna, ba kowa.
Ni ce nake bin wata, tana gaba,
tsohuwa ce, ba ta dafa bango."
Ta dube ni, ta dubi titi,
ta ƙara mini masa ɗaya a kan ta ɗari biyu.

Takwas saura minti biyu.
Malam Buba ya kama ƙofa.
Ƙafafuna duka biyu na ciki,
suna zogi, suna godiya.